Malam Edita, a ba mu ɗan gurbi mu nuna Kanon da muke gani da asuba

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi wata magana da nasan wasu zasu ce ta marasa aikin yi ce, ana fama da tsadar masara da kuɗin makarantar yara shi kuma wannan dattijon yazo yana mana zancen hoton dutse da bishiya. Na ji na yarda, amma a daure a karanta.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kwari, kusan shekara talatin kenan rayuwata daga gida sai kan mashin daga kan mashin sai benci, shayi kuma in ba a zuba sukari cokali uku ba bana jin nasha komai. Shekara huɗu da suka wuce jiri ya ɗebe ni a masallaci bayan la'asar, yaran shago suka kai ni asibiti aka ɗaura min abin awon nan a dantse, likita ya kalli lambar ya kalle ni yace Alhaji da ƙafarka ka shigo nan? Hawan jini ne, ga suga shima ya fara leƙowa. Ya rubuta magani, sannan yace maganin nan rabin aiki ne, ragowar rabin yana ƙafarka, tafiya zaka dinga yi ta minti 30 kwana biyar a sati, ya zama minti 150 kenan, shine mafi ƙarancin abinda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa baligi. Kuma ba tafiyar raka amarya ba, tafiyar da zaka iya yi wa na kusa da kai magana amma in akace ka rera waƙa numfashi ya hana ka.

Ranka ya daɗe sau uku ina farawa ina dainawa. Ba gajiya ce ta fi damuna ba, gundura ce da kuma mutane. A garin nan in aka ga mai furfura yana tafiya a ƙasa da sassafe to ko mashin ɗinsa ya lalace ko karayar arziki ta same shi, kafin inyi nisa mutum uku sun tsaya, Alhaji lafiya, hau mana in rage maka hanya, in nace motsa jiki nake sai a yi wata 'yar dariya ace to Allah ya bada lafiya. Ga hayaƙin adaidaita ga kwata, kanka a sunkuye kana ƙirga mintoci kamar ɗan firamare mai jiran a kaɗa ƙararrawa. Sati biyu nake yi in jingine kambas ɗin a bayan ƙofa.

Abinda ya canza lamarin ƙaramin abu ne. Babbar 'yata ta canza waya ta bani tsohuwar Tecno ɗinta, wata safiya cikin Agusta an kwana ana ruwa na fito a zuwan na huɗu, na biyo titin tsohuwar BUK tsakanin Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo, sai na ɗaga kai. Badala ta yi shar da ciyawa tun daga ƙasa har sama, jar ƙasarta ta jiƙe ta yi duhu, balbelu sun jeru a bakin kududdufi kuma ruwan ya kwanta luf har kana ganin gajimare a cikinsa. Na ciro wayar na ɗauka kawai ba tare da nasan me nake ba, na ɗora a sitatus. Kafin in isa gida ƙanina dake zaune a Fatakwal ya kira, Yaya ina ne nan, tafiya kayi? Nace kai, nan ne inda muke harbin ƙadangaru muna yara. Yayi shiru, can yace gobe ma ka ɗauko min wani. To kaji abinda ya fito dani washegari, kuma shine yake fito dani har yau. Likita ya tsoratar dani da shanyewar ɓarin jiki tsoron bai wuce sati biyu ba, amma son inga yadda gari zai waye yau ya riƙe ni shekara huɗu.

Da ƙafa ta saba sai na fara hawa Dala duk ranar Lahadi. Abin kunya ne in faɗa amma an haife ni a cikin ganuwa, na haura hamsin, kuma tun wani hawa da muka yi muna 'yan makarantar allo ban sake taka dutsen nan ba, kullum dai ina hango shi ta saman rufin mutane. Matakalar ɗari ce da 'yan kai, ranar farko sau huɗu na tsaya ina riƙe gwiwa wasu yara suna wuce ni a guje suna sannu Baba, yanzu Alhamdulillahi tsayawa ɗaya nake yi. Zaka ji ance tsayin Dala mita 534, wannan daga doron teku ake lissafi, shi kansa garin a kan tudu yake saboda haka abinda zaka hau bai kai ko kusa da haka ba, kar lambar ta firgita kowa.

A saman nan ne na koyi abu na farko game da hoto, kuma ba wanda ya koya min sai ɓata hotuna da na dinga yi. In ka hau da safe rana tana gabas, Goron Dutse yana yamma da kai, kenan in ka juya masa ranar tana bayanka haskenta ya faɗa a kansa, hoto ya fito tas, jan dutsen da gidajen da suka kewaye shi kamar an wanke su. Amma in ka juya wajen Babban Masallacin Juma'a da Gidan Sarki, su kudu maso gabas suke, sai hasken ya dakar maka kamara, koriyar ƙubbar nan da hasumiyoyin su zama baƙaƙe kamar inuwa, musamman lokacin sanyi da rana take karkatowa ta kudu. Wata uku ina zagin wayar ina cewa don tsohuwa ce, ashe ni ne ban san cewa hoton masallaci ba da safe ake ɗaukarsa ba, sai bayan la'asar sakaliya in rana ta koma bayan Goron Dutse sannan yake bada fuska. Lokacin ma gajere ne, daga fitowar rana zuwa kamar minti arba'in hasken yana da taushi, ja-ja haka, komai yana da inuwa doguwa, da ƙarfe takwas da rabi ta yi shikenan ya zama fari fat ya wanke komai. Kuma fitowar ranar ba ɗaya bace, a Yuni shida da 'yan mintoci ta fito, a Janairu sai wajen bakwai saura minti goma. Ni da nake ɗan kasuwa ban taɓa lura da wannan ba sai da hoto ya tilasta min, alhali kullum ina ganin lokacin asuba yana matsawa a allon masallaci.

Wani ɗan unguwarmu dake karatun tarihi a jami'a ne ya ga hotunan yace Baba ai an riga ka. Ya nuna min a wayarsa wani zane da yake cikin littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851 ya hau Dalan nan ya zana garin daga sama. Malam Edita na daɗe ina kallon zanen nan. Gidajen ƙasa da bukkoki, itatuwan dabino tsaye a tsakaninsu, fili fetal, kuma shi a ƙiyasinsa mazauna garin kamar 30,000 ne a lokacin, wato yau ko mutanen da suke shiga Kwari da Kurmi a wuni ɗaya ina jin sun ɗara haka. Sai naje na tsaya inda nake zaton ya tsaya na ɗauki nawa. A nawa hoton babu fili ko na shimfiɗa tabarma, rufi ne ya haɗe da rufi har ƙarshen gani, tsohon kwano mai tsatsa, sabon kwano ja da shuɗi, baƙaƙen tankunan ruwa, farantan sola, dogayen eriyoyin kamfanonin waya, soro mai zanko sai ka ƙura ido kafin ka samo ɗaya. Da mutumin nan bai zauna ya zana ba da wa zai gaya mana dabino ya taɓa yin yawa haka a gindin Dala? Muna da labarin Barbushe da Tsumburbura a baki, kowane yaro ya sani, amma kamannin wurin baƙo ne ya ajiye mana. Wannan abin ya tsaya min a rai gaskiya.

Daga ranar na canza salo. Maimakon in dinga neman sabon wuri kullum sai na zaɓi wurare biyar a hanyata, kowanne da alamar inda zan sa ƙafa, wani turken wutar lantarki, wani bakin kwalbati, ina ɗaukarsu daga wuri ɗaya a farkon kowane wata. In ka jera su a waya kana turawa da yatsa sai kaga shekara tana juyawa a gabanka. Bazara komai ya ƙone, badala ta yi fari ta tsattsage, kududdufi ya janye ya bar laka da leda. Sai shamuwa ta iso ka san ruwa ya kusa. Damina ta shigo hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kuma wallahi babu hoton da ya kai na minti goman nan kafin ruwa ya sauko, in rana ta samu kafa ta haska ganuwa ga baƙin hadari a bayanta, sau biyu ina shan dukan ruwa saboda shi ban yi nadama ba, maman yara ce dai ta yi ta faɗa. Kaka ciyawa ta yi ruwan zinare. Sai hunturu, hazon nan da iskar arewa maso gabas take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya lulluɓe gari, ka hau Dala ka nemi Goron Dutse ka rasa, rana ta fito kamar faifan azurfa kana iya kallonta ido da ido. Da farko ina ganin ranar hazo ranar asara ce, daga baya na gane in ka samu bishiya ɗaya ko hasumiya ɗaya kusa da kai ka bar sauran su narke a cikin farin, hoton yafi na kowane lokaci natsuwa. Sai dai a sa takunkumi, mai asma kuma ya haƙura da fita ranar da ya yi kauri, hoto bai kai numfashi ba.

Akwai wani gawo da nake ɗauka in naje ƙauyen su mahaifiyata ta wajen Rano, shi kam komai nasa a juye yake, da damina duk itatuwa sun yi ganye shi ya zubar da nasa ya tsaya tsirara a tsakiyar gero, da rani kowa ya bushe shi ya yi kore shar awaki suna kwance a ƙarƙashinsa. Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni, shi yasa baya sare shi a gona, amma 'ya'yana da aka haifa a birni sai da na nuna musu hoto biyu gefe da gefe sannan suka yarda.

To amma ba kyan gani ne kaɗai ya fito a jerin hotunan ba, kuma nan ne ainihin abinda yasa na ɗauki alƙalami. Cikin wurare biyar ɗin nan biyu yanzu babu su. Kududdufin da na fara ɗauka, wanda ƙanina ya kira saboda shi, ina da hotonsa da ruwa da balbelu, ina da hotonsa an fara zuba masa shara da ɓaraguzai daga gefe ɗaya, ina da hotonsa tifa tana juye ƙasa, na ƙarshe kuma bulo ne da rodi an fitar da harsashin shaguna. Wata goma sha huɗu tsakanin na farko da na ƙarshe. Ɗaya wurin kuma wani ɓangaren badala ne da ake ta yagar ƙasarsa kaɗan kaɗan, wannan ya ɗebi baro guda wancan ya ɗebi amalanke, ruwan sama ya ƙarasa sauran, yau sai wani ɗan tudu da awaki suke hawa. Ban zo in kama sunan kowa ba don ba mutum ɗaya bane kuma ba yau aka fara ba, har mu da muke wucewa muna gani muna da namu kason. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa tsakanin 1463 da 1499, tun 2007 sunanta yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma a 2010 muna gani aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi aka gina sabuwa. Sabuwar ba laifi tana da kyau, amma tambayi matashi ɗan shekara ashirin yadda tsohuwar take kaji. Su kuma kududdufan ai ba banza suke ba, daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni, sannan su suke shanye ruwan damina, in ka cike su ruwan bazai fasa zuwa ba, ɗakin wani zai nema. Jakara ma, rafin nan na cikin birni, da aka rufe aka yi titin Wuju-wuju a kanta, nasan da yawa sun huta da wari da sauro, amma ina son inga mutum nawa ne suke da hotonta na da.

Mu kuwa wayoyinmu cike suke da hoto, ba wai bama ɗauka bane. Selfi, ɗinkin sallah, kamu da dina, farantin abinci, hoton ɗan siyasa an ɗaga hannu. Je ka duba wayar duk wanda ke kusa da kai in ka samu hoton unguwarsu guda ɗaya wanda babu fuskar mutum a ciki ka zo in baka yadi biyar na shadda. Kuma abin mamaki wannan ne hoton da babu ko gardama a kansa, na tambayi malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa saboda nasan akwai masu ƙyamar hoto, yace saɓanin malamai akan mai rai yake, ya kawo min abinda ya zo a Bukhari da Muslim na mutumin da sana'arsa zane ce yaje wurin Ibn Abbas, shi kuma yace masa in dai dole sai yayi to ya zana bishiya da abinda bashi da rai. Kaga dutse da gajimare da ganuwa babu mai cewa komai.

Sai dai akwai inda za'a ce wani abu, kuma dole in faɗa don naga ana yi. In ka hau Dala tsakar gidajen mutane a buɗe suke a ƙarƙashinka, mata suna wanke-wanke, wata ta fito daga wanka, wata tana shanya, su a saninsu suna cikin sirrin gidansu. Na taɓa samun wasu samari a sama suna zumin, wato jawo hoto kusa da kamarar waya, cikin wani gida suna ƙyalƙyala dariya, nace 'ya'yana in gidanku ne fa, ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya ce min ai Baba kowa ma yana yi. Wannan ba ɗaukar hoton gari bane leƙen asiri ne, kuma irinsu ne zasu jawo a hana kowa hawa da waya. Ni ƙa'idata in na ɗaga waya a sama to sararin sama da nesa nake nufa, gidajen gindin dutse bana bari su shigo, in kuma mutum ya faɗo a hoto har ana gane fuskarsa ko in nemi izininsa ko in goge. Zumin ma a irin wayoyinmu ɓata hoto yake, ba matso da abin yake ba yanka hoton yake ya buɗa shi sai ya fito dishi-dishi, in kana son abu ya matso taka ka je kusa da shi, dama ai tafiyar ka fito yi. Haka kuma a kiyayi gine-ginen jami'an tsaro da gidan yari da makamantansu, ni an taɓa tsare ni kusan rabin awa a gaban wani gini saboda wata kuka da na ɗauka ashe katangarsu ta shigo, sai da na buɗe musu hotunan suka ga daga balbela sai gajimare sannan ɗayansu yayi dariya yace Baba tafi abinka.

Maganar masu ƙwacen waya kuma duk ɗan Kano ya san ba wasa bace, an rasa rayuka a kanta. Ba zan ce wa kowa ya fita da duhun asuba shi kaɗai yana haska allon waya a lungu ba. Ni sai gari ya fara wayewa 'yan makaranta da masu koko sun fito nake fita, mu uku ne yanzu, ni da wani maƙocina tsohon malamin makaranta da wani tela, wayar tana cikin aljihun ciki sai na zo wurin ɗauka, ɗaya yana ɗauka biyu suna kallon hanya. Sau ɗaya wasu yara biyu a kan mashin suka rage gudu suna kallon hannuna, da suka ga mu uku ne kuma malam yana riƙe da gorarsa suka ƙara mai. Tsohuwar wayar nake fita da ita har yau duk da na sayi sabuwa.

Wani abu da likitan ya kama ni da shi, da na koma bayan wata shida ina ta zuba masa labarin hotuna yace to Alhaji tafiyar fa, nawa kake yi nawa kake tsayuwa? Gaskiyarsa. Mai ɗaukar hoto in bai yi hankali ba sai ya shafe awa guda a waje amma tafiyar kirki bata kai minti goma ba, taku ashirin ya tsaya, ya karkata, ya tsuguna, zuciya bata ko san an fito ba. Yarona ya sa min manhajar ƙirga taku ya dage sai na cika 10,000 kullum, daga baya malam maƙocina ya gaya mana lambar nan asalinta daga tallan wata na'urar ƙirga taku aka samo ta a Japan a 1965, ba wahayi bace, amma dai manhajar ta tona min asiri don ranar da hotuna suka fi kyau ranar takun yafi kaɗan. Sai muka yi doka, a tafi ba'a taɓa waya, minti 30 cur da sauri har gumi ya tsattsafo, duk abinda ka gani ka riƙe shi a ka, a dawowa sai a ɗauka a tsanake. Kuma dabarar ta zo daidai da rana, lokacin da muke juyowa shine lokacin da hasken ya yi daɗi. Nauyina ya ragu, awon jinin ya sauko, maganin dai ina sha ban daina ba kuma kar wanda ya daina nasa don ya fara tattaki, mai suga ya sa dabino biyu uku a aljihu ya nemi takalmin da baya cin ƙafa.

Ga masu cewa sai da babbar waya, a'a. Goge gilashin kamarar da gefen riga kafin ka ɗauka, rabin hotunan da suke fitowa kamar an shafa musu man gyaɗa maiƙon yatsa ne da ƙurar aljihu. Kashe filtar nan mai gyara fuska, ita ce take mayar da ganuwa sumul kamar an yi mata fulasta alhali kyanta a tsagunta yake. Kunna layukan nan da suke raba allo gida tara don kar gari ya karkace kamar zai zube. Kwantar da wayar a kwance in fili kake ɗauka. In zaka tura wa wani ta WhatsApp tura shi a matsayin dokumen in ba haka ba zai matse shi ya rage masa ƙarfi. Kuma don Allah a ajiye a wani wurin bayan wayar, ni hotunan wata biyar na rasa da memori ya lalace, ciki har da na wani rimi da aka sare bayan nan, har yau in na tuna sai inji wani iri.

Roƙona gare ka Malam Edita shine, ku ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a sati, a takarda ko a shafinku na Facebook, mai karatu ya turo hoton wani wuri a garinsu wanda ya ɗauka da ƙafarsa, a rubuta sunan wurin da ranar da aka ɗauka da wajen da aka fuskanta, gabas ko yamma, shikenan, ba sai an sa gasa ko kyauta ba don da an sa kuɗi za'a fara sato hotunan wasu a intanet. Na Zariya ya turo Kufena, na Zamfara ya turo Kwatarkwashi in hanya ta yi lafiya, na Dutse ya turo duwatsunsu da dabinonsu, na Damagaram ya turo duwatsun Birni, na bakin Tiga ya turo ruwa da jiragen masunta, na ƙauye ya turo fadamarsu ko kukar bakin kasuwa. Ku kuma ku adana su da kwanan wata, don jarida tafi wayar mutum ɗaya tsawon rai. In hakan ta samu ina ganin wasu masu irin ciwona da suka jingine kambas a bayan ƙofa zasu samu dalilin ɗaukowa.

Na haɗo maka da hotuna huɗu na kududdufin nan tare da wasiƙar, na farko da ruwa na ƙarshe da bulo, duk daga jikin turken wuta ɗaya na ɗauke su ina fuskantar yamma, kwanan watan yana jikin kowanne. In fili bai isa duka ba a sa na farko da na ƙarshe. In kuma kai ko wani cikin ma'aikatanka yana son ganin Goron Dutse da hasken safe, muna gindin matakalar Dala duk Lahadi da ƙarfe shida da rabi, a taho da ruwan sha.

Nagode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu a kullum,
daga ƙaramar hukumar Gwale, Kano.